Motar da Ba Ta Ja da Baya

Ba a gama watsewa daga masallacin Juma'a ba aka ji salatin Hajiya Aisata daga bayan gidanta. Raguna uku da take turka tun kaka, waɗanda duk mai wucewa ke leƙawa yana yaba wuyansu, sama ko ƙasa. Igiyoyin na nan a turke, kwance su aka yi a tsanake. Ƙofar garken ta baya, wadda ke kallon fili, a buɗe take.

Kafin a kira Mainassara mai bin sawu, rabin unguwa ta riga ta tattake wurin. Ya zo da sandarsa, ya tsaya nesa kaɗan yana kallon ƙasa. Mutum ne da ya tsufa a bin sawun raƙuma da shanun sata, daga Dakoro har dajin Bader Goula, kuma ba a taɓa jin ya ɗora wa wani sawun da ba nasa ba.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Abin da ɓarawon bai share ba, kun share masa."

Sawun ƙafa dai ya tafi. Abin da ya rage sawun taya ne, mai zurfi, ya zo har bakin garken. Mainassara ya durƙusa. Tayar baya ta hagu tana da wani faci da ke barin tabo a rairayi kamar an danna babban yatsa. Bai buƙaci dubawa sau biyu ba. Kullum da safe yana ganin wannan tabon a ƙofar gidansa.

"Ba sai ka wahala ba, Malam," in ji Hajiya Aisata daga bakin ƙofa, tana dafe da gwiwarta mai ciwo. "Ban gani ba, amma na ji. Motar Alhaji Badaru ce. Wannan kukan nata, kamar injin niƙa in hatsi ya ƙare a ciki, ko cikin barci na san shi. Na ɗauka harawa aka kawo mini, shi ya sa ban motsa ba."

Kowa ya san wanda ke jan motar Alhaji Badaru, kuma shi ke kawo wa Hajiya harawa daga Sabon Maci: Nafi'u, ɗan farin Mainassara.

Aka samu motar inda ake ajiye ta da rana, gindin bishiyar bakin kasuwa, kanta da ɗumi. Matasa suka turo ta har ƙofar mai unguwa, suka kafa hancinta a jikin katanga. Aka zo da Nafi'u, makulli a aljihunsa, aka zaunar da shi a zaure.

Alhaji Badaru sai share zufa yake. Kusa da shi Abarci ne, dillalin da ya kawo masa motar daga Maradi, kat-kat ce mai buɗaɗɗen baya, ta sha hannu kafin ta zo Dakoro.

"Na sha faɗa maka, Alhaji," in ji Abarci. "Mota na kawo maka lafiya lau, ko tari ba ta yi. Yaron nan ya kashe mata buwat, akwatin giya, da mugun hannu, yau kuma ga inda ya kai ta. A kira jandarma kawai. Ko uba za a sa ya bi sawun ɗansa?"

Mai unguwa ya dubi Mainassara, ya daɗe yana dubansa.

"Na ba ka zuwa gobe da la'asar. In ba ka zo da wata magana ba, ni da kaina zan kai shi."

*

Tun da aka haifi Nafi'u, Mainassara bai taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Bai taɓa ɗaukarsa a bainar jama'a ba, bai taɓa yabonsa a gaban kowa ba, ko tambayarsa yadda ya kwana sai dai ta bakin ƙannensa. Abin da ya rage masa shi ne ƙasa. Da safe yakan fito ya duba sawun yaron, ya san ko da sauri ya fita, ko a gajiye ya dawo, ko ƙafa na yi masa ciwo. Da haka ya rene shi.

Ya shiga zauren, ya zauna yana fuskantar ƙofa, ya ba yaron gefe.

"Kai. Ina aka yi Juma'a?"

"Masallacin tasha, Baba."

"Wa ya gan ka?"

"Baƙi ne yawanci, matafiya."

"Mi ya kai mutum can, ga masallacin unguwarsu?"

Nafi'u ya sunkuyar da kai, yana murza yatsunsa masu baƙin mai. Mainassara ya jira, ya jira, sannan ya tashi. A cikin masallaci shi ba fuskoki yake riƙewa ba, dugadugan sahun da ke gabansa yake gani in an yi sujada, kuma duk na unguwar ya san su. Yau ya nemi na yaron bai gani ba. Tun lokacin zuciyarsa ta ɗan motsa, kafin ma a ji salatin Hajiya.

*

Da rana ta yi sanyi ya koma bayan garken shi kaɗai. Babu kowa sai wata akuya tana tsintar ɓurɓushin harawa. Ya tsaya a kan tabon facin. Ƙafa ɗaya zai ja ya share shi, shi ke nan, ba mai cewa ya gani. Ya ji ƙafar tasa ta yi nauyi, ya kuma ji kunyar ma tunanin ya zo masa. Ya nemi tsari, ya tsuguna, ya soma karanta ƙasa kamar ta ɗan wani ce.

Motar ta fito daga gabas, ta wuce ƙofar garken kaɗan, ta tsaya. Daga nan ta dawo da baya har gindinta ya kusa taɓa danga, don a ɗora raguna ba tare da an ja su a fili ba. A daidai inda ta soma ja da bayan, tayoyin sun tona ƙananan ramuka biyu, rairayin ya watsu gaba. Ba a hankali ta tashi ba. Zabura ta yi, kamar jakin da aka tsikara.

Ya daɗe a tsugune. Wani abu ke ci masa rai, bai san ko mene ne ba. Sai da ya kama hanyar gida, ya iso ƙofarsa, ya ga bishiyar dogon yaro da ke tsakiyar filin, sannan ya tsaya cak.

Zobe ne kewaye da bishiyar. Sawun taya a kan sawun taya, har ya zama hanya. Tun farkon zuwan motar, in Nafi'u ya tsaya cin abinci, ba ya juyawa kamar sauran direbobi. Kewaya bishiyar yake yi ya fita ta gaba. Mainassara ya sha ganin haka, ya ɗauka yarinta ce, son a ga ana jan mota. Ya bi zoben a hankali, ya duba ko'ina. Babu wuri ko ɗaya da motar ta taɓa ja da baya.

*

Washegari da hantsi ya isa garajin Salihu bakanike, ya same shi rabin jikinsa a ƙarƙashin wata tsohuwar mota.

"Malam Mainassara! Raƙuminka ne ya ƙi tashi?"

"Tambaya na zo da ita. Motar Alhaji Badaru, mi ke damunta?"

Salihu ya fito, ya goge hannu a wando. "Ka ce mi ba ya damunta. Kuka biyu gare ta. Akwai wanda take yi in tana tafiya, wannan zuuu ɗin da duk gari ya sani, yana ƙaruwa in ta ɗau gudu. Wannan a cikin buwat yake, akwatin da ke raba mata gudu, wani ƙarfe ne ya cinye. Tsohon ciwo ne, ba na wata ɗaya ko biyu ba, da shi ta zo. Na biyun sai in za a sa ta baya: garrr, kamar ana ja wa kare ƙashi. Wannan ba laifin buwat ba ne. Ambreyaj ne, abin da direba ke takawa da ƙafar hagu. In ka taka, ya kamata ya raba inji da buwat. Nata ba ya saki duka. Giyoyin gaba suna shiga da lallashi, ta baya kuwa ba ta jin lallashi."

"Ka gaya wa Alhaji?"

"Ranar da aka kawo ta in canza mai na gaya masa. Ya ce Abarci ya rantse masa lafiyarta ƙalau, mu bakanikai ne da son buɗe cikin mota. To ni mi nawa?" Ya ɗan rage murya. "Jiya da safe yaronka ya zo nan. Wai motar wani abokinsa ce ba ta shiga baya, ina ake samun kayan gyara. Na ce ya duba wajen masu tsofaffin kaya a tasha. Abokinsa! Kamar ban san kukan ba."

Mainassara ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, wani kuma ya hau. Ga abin da ya kai yaron tasha. Watanni yana ɗauke da tsoron a ce shi ya kashe motar mutane, bai da wanda zai gaya wa.

"Mota irin wannan, akwai dabarar sa ta baya?"

"Akwai mana. Ka kashe inji, ka saka ta baya tana mace, sannan ka tayar. Ba ƙara ko kaɗan. Sai dai ka riƙe da kyau, don zabura take yi."

"Wa ya san haka?"

"Ni. Da duk wanda ya daɗe yana zama da ciwon." Salihu ya tsaya, ya dubi fuskar mai sawun, murmushinsa ya ɗauke. "A'a, Malam. Kada ka dube ni haka. Ranar canjin mai motar ta wuni a nan, gaskiya ne, makullin ya wuni a hannuna. Amma wallahi..."

"Kwantar da hankalinka. Kana gabana a sahu jiya. Dugadugin damanka ya tsage, ka shafa masa baƙin mai. Ka nemi man kaɗanya, ya fi."

*

Hajiya Aisata ba ta so ganinsa ba. Ta bar shi a tsaye a zaure kafin ta sa a shimfiɗa masa tabarma.

"In roƙo ka zo, Malam, ni ba ni da abin cewa. Yaron nan kamar ɗa na ɗauke shi. Fura nake ajiye masa."

"Ba roƙo ba ne, Hajiya. Kunnenki na zo aro. In ya kawo miki harawa, ina yake tsayawa?"

"Can nesa, bakin fili. Ya ɗauko a ka, yana zufa. Na ce ya matso da ita baya, ya gwada sau ɗaya, ta yi wani garrr har kajina suka watse. Na ce bari, kada ka kashe mini su."

"Jiya fa? Kin ji garrr ɗin?"

Ta karkata kai kamar mai sauraren wani abu daga nesa.

"Ban ji ba."

"Mi kika ji? A hankali, tun daga farko."

"Na ji zuuu ɗinta tana tahowa. Ta tsaya. Sai ta mutu. Na ce to, ya iso. Ban gama faɗa ba sai na ji an sake tayar da ita, ta yi wani gib, kwanon da ke kan danga har ya faɗo. Sannan ta sake mutuwa, ta jima. Daga baya ta tashi ta tafi." Ta dube shi. "Wannan wani abu ne?"

"Da la'asar ki zo gidan mai unguwa. Kada ki fito waje. Ki zauna cikin zaure, bayan asabari, inda ba ki ganin komai, kamar jiya."

A hanyar komawa ya yi ta juya abin. Kunnen tsohuwa da ramuka biyu a rairayi ba su isa fid da mutum daga hannun jandarma ba. Za a ce yaron ya san dabarar, ɓoyewa yake yi. Za a ce uba ne. Kuma in ya yi kuskure, shi da bakinsa zai tara jama'a su kalli yadda ake tafiya da ɗansa.

*

Bayan la'asar ƙofar mai unguwa ta cika. Motar na nan yadda aka bar ta, hanci a katanga. Mainassara ya sa aka watsa rairayi mai laushi a bayanta, ya share shi da tafin hannu. Aka fito da Nafi'u, idanunsa sun faɗa. Alhaji Badaru na kan kujera, Abarci a tsaye bayansa, Salihu ya jingina da bango.

"Ranka ya daɗe," in ji Mainassara, "motar da ta ɗauki ragunan da baya ta matsa garken. Ita kuwa wannan, na ji an ce ba ta ja da baya. In haka ne, sai mu nemi wata motar."

Aka ɗau surutu. Mai unguwa ya miƙa wa Nafi'u makulli. Yaron ya shiga, ya tayar, ya taka ambreyaj, ya ja sandar giya. Garrr. Ya sake, ƙarar ta fi ta farko, har mutane suka toshe kunne. Motar ko motsi. Ya bar ta tana aiki, ya sauko, kansa a ƙasa.

"Tun ranar da aka ba ni ita haka take, Alhaji," in ji shi da ƙyar. "Tsoro na ji in faɗa."

"Kun ga wasan?" Abarci ya ɗaga murya, yana dariya. "Uba ya shirya, ɗa ya taka! Wai ba ta baya! Ni na jawo ta tun daga Maradi, ni za a gaya wa? Da gangan yake yi. Kauce, yaro, in nuna wa mutane ƙaryarku."

Ya tattara rigarsa ya shiga. Hannunsa bai ko yi shawara da shi ba. Ya murɗa makulli, inji ya mutu. Ya ja sandar, shiru. Ya sake murɗawa. Motar ta yi gib, ta zabura baya, ta bar katangar.

Ya leƙo ta taga, fuska cike da nasara. "To? Tana baya ko ba ta baya?"

Daga bayan asabari muryar Hajiya Aisata ta fito.

"Shi ne. Wallahi haka na ji jiya. Wa ke ciki? Ku gaya mini, wa ke ciki?"

Mainassara ya tsuguna ya nuna rairayin da sandarsa: ramuka biyu, ƙasa ta watsu gaba.

"Irinsu na nan bayan garke, na kifa musu ƙwarya. Duk mai so ya je ya gwada." Ya miƙe ya dubi dillalin. "Abarci, ka rantse motar nan ko tari ba ta yi. To wa ya koya wa hannunka kashe ta kafin ka sa ta baya?"

"Kowane direba ya san..."

"Ni dai a lafiyayyar mota ban taɓa ganin an yi ba," in ji Salihu.

"Alhaji," in ji Mainassara, "makulli nawa aka ba ka?"

Alhaji Badaru ya juya a hankali ya dubi mutumin da ke cikin motarsa. "Ɗaya. Ya ce ɗayan ya ɓata tun a Maradi."

Mainassara ya juya ga mai unguwa. "An ɗauki motar bayan an shiga masallaci, an maido ta kafin a fito. Ragunan ba su bar gari ba. Ranka ya daɗe, akwai wani kango mai ƙofar ƙarfe a hanyar Roumbou da aka ba Abarci ya nema wa mai saye. Ban shiga ba, ba ni da izini. Amma da na wuce ɗazu, akwai tabon faci a bakin ƙofar."

Abarci bai sauko ba sai da aka buɗe masa. Tun kafin jama'a su kai kangon, ragunan suka jiyo muryar Hajiya Aisata, wadda aka ɗauko a amalanke, suka soma amsa mata ta bayan ƙofa.

*

Uban da ɗan suka koma gida a ƙafa, uban a gaba, ɗan a baya da 'yar tazara, kamar kullum. Sai da suka iso gindin dogon yaron Mainassara ya tsaya, yana kallon zoben.

"Abu ya dami mutum tsawon wannan lokaci, a ce ba ya da bakin faɗa a gidansu?"

"Na rasa ta inda zan fara, Baba."

Mainassara ya dafa sandarsa. Ya san ta inda aka rasa. Kullum yana karanta wannan zoben, ya san zurfinsa, ya san ranar da aka yi lodi da ranar da ba a yi ba. Tambaya guda ce bai taɓa yi ba.

"Baba," in ji Nafi'u a hankali, "da ka tarar laifin nawa ne fa?"

"Da na faɗa."

"Na sani."

"Da na faɗa, in raka ka har ƙofar jandarma. Sannan in karya sandar nan." Ya gyara murya, har yanzu bai juyo ba. "Gobe in an kai motar wajen Salihu, a zo a gaya mini abin da ya gani a ciki. Da baki. Na gaji da tambayar ƙasa."

Ya shige gida da sauri, kafin yaron ya ga fuskarsa.